Shekarar da Na Karya Takobin Nasiru

Na san abin da kuke faɗa in na ba da baya. Ba laifinku ba ne, bangon gidan nan na laka ne, kunnena kuma Allah bai taɓa shi ba, ko da yake ya rage mini ido da gwiwa. Kuna cewa Inna ce ta kori Nasiru zuwa Nijar saboda baƙo, a kan wasan wake. Rabi tana faɗa da dariya, matan 'yan'uwanta suna faɗa da tausayi, jikoki kuma sun ɗauka wani takobin gaske ne na ɗora a gwiwa na ɓalla. To tun ina da sauran numfashi za ni shimfiɗa muku maganar yadda ta faru, da inda na yi daidai da inda na kauce, don kada in kwanta dama in bar ku da rabin zance. Takobin dai ba na ƙarfe ba ne. Amma ran mutumin da na ji tsoron a rasa, wannan na gaske ne.

Shekarar ita ce wadda noma ya gagara a gonakin nesa. Ba sai na gaya muku dalili ba, cikinsa kuka tashi. Ruwa ya sauka yadda ake so, ƙasa ta jiƙu, amma wanda ya wuce gonakin bakin gari ba shi da tabbacin zai dawo ya ci tuwo da iyalinsa. Ƙauyuka suka riƙa zubowa cikin Sabon Birni, kowane gida da nasa baƙin. Namu su ne Sa'idu Maƙeri da matarsa Hanne, daga wani ɗan ƙauye can bayan Gangara. 'Ya'yansu sun riga sun watse, wasu Isa, wasu ƙetaren iyaka. Sa'idu kuwa ba bare ba ne. Uwarsa ta rasu yana jinjiri, surukata ta ɗauke shi ta shayar, don haka ƙanen babanku ne na nono, ni kuma matar wansa, abokiyar wasansa. Tun ina amarya yake ce mini matata, ni kuma in ce masa Baƙin Hannu, saboda gawayin da ba ya barin tafinsa ko ranar Salla. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya zo mana da hauya da galma sababbi, ya ci tuwona ya kushe miyar, ya koma. A wannan karon sai ya zo a amalanke, da tabarma biyu da tukunya da buhun kayan aikinsa. Uwar maƙera ce kawai, dunƙulen ƙarfen nan da ake bugun aiki a kai, ya kasa ɗaukowa don nauyi. Ya ce ya haƙa rami a tsakiyar maƙerarsa ya binne ta, ya share wurin da tsintsiya.

Da farko ya riƙa zuwa wurin maƙeran gari. Sun karɓe shi da mutunci, sun ba shi buzu ya zauna, amma aikin su ma bai ishe su ba. Wa zai sayi hauya alhali ba gona? Wata rana ɗaya daga cikinsu, don kyautatawa, ya ce ko zai riƙe musu zugazugi. Mutumin da ya shekara arba'in yana bugun ƙarfe, a miƙa masa aikin da ake ba ɗan shekara bakwai. Ya zuga musu har azahar, ya yi godiya, ya dawo gida, bai sake komawa ba. Daga nan sai zama gindin dogon yaron tsakar gida, hannuwa bisa gwiwa. Na lura tafinsa ya fara yin fari, kuma na daina ce masa Baƙin Hannu don sunan ya soma yi masa ciwo.

Akwai wani mai zaman banzan a gidan, shi ne Nasiru, ɗana na uku. Ya gama makarantar horon malamai a Sakkwato, shekara ta biyu ke nan yana jiran takardar ɗaukar aiki. Ƙanena Bawa, da ke kai kaya tsakanin kasuwanninmu da Nijar, ya yi masa tayin ya riƙa binsa har sau uku, yana cewa shi ba don ya yi dakon buhu ya yi karatu ba. Nasiru ne ya kawo wasan. Ya ce a makaranta suka koya. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa ƙwayar lido a ga ko abin ya yiwu. Babanku da ya ji an ambaci ƙwaya sai ya ce abin da ake jefawa ya ba da lamba caca ne, ko ba a sa ko sisi ba, ba a gidansa ba. Ni ce na nemo mafita, don na ga idon Nasiru ya kawo haske karon farko cikin watanni. Na tattaro gwangwanayen madara, na zuba wa kowane wake goma, biyar fari biyar ja. In mutum zai yi wani abu mai wuya a labari, sai ya sa hannu ba tare da ya duba ba. Fari, ya dace. Ja, ya gaza. Ya mayar da waken. Wanda ya yi bajinta a ƙara masa fari ɗaya, da haka mutuminsa ke ƙara ƙarfi. Babanku ya juya gwangwanin ya ce wannan kamar ƙuri'a ce, ita kuwa ba laifi.

Nasiru ya fara riƙe labarin kwana biyu, amma ransa na wurin shiga ciki, ni kuma bakina ba ya rufuwa, ina ta gyara masa. Sai ya ce to Inna ki karɓa. Na karɓa kuwa, ni da ban taɓa wuce Isa ba. Amma ubana falke ne, na tashi ina jin sunayen rijiyoyi da zango-zango a bakin baƙinsa, kuma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Na ƙulla labarin wani ayari da ya tashi daga Alkalawa ta da can, zai yi arewa ɗauko gishiri. Na sa kura da zaki da ƙishirwa da mahara masu mashi. Bindiga ce ban taɓa sawa ba, muna da ita a waje, ba sai na kawo ta kan tabarma ba.

Ga inda na fara kaucewa. Ni na raba wa kowa mutuminsa, ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba. A wurinmu kowa da gadonsa. Nasiru na ba shi barde, tunda an ce kakannin babanku mayaƙa ne. Rabi, wadda a lokacin ba ta yi aure ba, na ba ta falke, gadon gidanmu. Hanne ta san saiwoyi, ta zama mai magani. Sa'idu kuwa, me za a ba maƙeri in ba ƙira ba? Na tura masa gwangwaninsa na ce ga naka, ko a tatsuniya ba ka tsira daga gawayi ba. Ya yi dariya ya ce da ma ya san ba zan ba shi sarauta ba, mace mai rowar man shanu.

Kullum bayan la'asar muke shimfiɗa tabarma, mu tashi in an kusa kiran magariba. Babanku yana gefe a kujerarsa da rediyo a kunne, wai shi ba ruwansa, amma in kura ta tare hanya sai ka ji ya rage murya. Makonnin farko gidan ya yi daɗi. Rabi takan yi ciniki da mutanen cikin labari kamar za ta cire musu ido, ni ina yin muryar Buzu mai raƙumi, Hanne tana dariya har ta riƙe ciki. Sai dai dokar ƙarin wake ta Nasiru ce, daga makaranta ya zo da ita: wanda ya kashe abu, shi ke samun fari. To wa ke kisa in ba barde ba? Rana ɗaya sai ya sare kuraye uku, fari uku. Gobe gwangwaninsa ya fi yawan fari, hannunsa ya fi dacewa, ya sare biyar. Kamar mai kuɗi ne, abinsa ke jawo masa wani. Kafin wata biyu, in Nasiru ya sa hannu ba wanda ke tsayawa ya duba abin da ya fito. Rabi da Hanne suna ɗan tsintar ɗaya-ɗaya in sun jefi wani abu da dutse. Sa'idu yana nan da biyar ɗinsa na ranar farko. Ayari yana tafe, ba a tsayawa, ba wanda ya taɓa cewa ga abu ya lalace. In na juyo kansa na ce Maƙeri, kai fa me za ka yi, sai ya ce yana bayan jakuna, a ci gaba.

Wata rana Rabi ta girgiza gwangwaninsa don tsokana, ta ce na Baba ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba. Kowa ya yi dariya, har shi. Da dariyar ta lafa sai ya ce, a hankali, kamar da tabarma yake magana:

"Ai daidai ne. Can ma ci nike, nan ma ci nike."

Na ji, amma na ce a raina gajiya ce. Bayan kwana huɗu, da hantsi, ina tankaɗe a bakin ɗakina, sai na ji ƙarar ƙarfe daga ɗakinsu. Ba sabon abu ba ne, yakan fito da masaba da awartaki ya goge su ya mayar. Amma ƙarfen da aka ajiye a ƙasa yana da amo, wanda aka naɗe cikin tsumma kuwa ƙararsa a toshe take. Ran nan na ji amon yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ba ya naɗe kayan aiki ɗaya-ɗaya sai in za su hau babur. Na ajiye rariya na ja Hanne bayan rumbu. Ba ta ɓoye ba. Ta ce ya shirya da wani mai babur zai kai shi rabin hanya jibi da safe, sauran ya taka. Zai tono uwar maƙera ya hura wuta, ko mutum ɗaya ya rage a ƙauyen ya yi masa lauje. Alhali duk mun san ba mai kwana a can. Waɗanda suka leƙa don ɗauko ɗan hatsi, ba duka suka dawo ba.

Babanku ya kira shi zaure ya yi masa magana ta wa da ƙane, ya haɗa da nonon da suka sha. Ina jin su ta bayan ƙofa. Sa'idu bai yi musu ba, bai kuma sauya ba. Abin da ya ce ke nan:

"Yaya, ba a rage ni da komi ba gidan ga. Amma tuwon da ba ka yi ma gumi ba, ko da mai, ga wuya shika tsayawa. In mutuwa ta, gara ta iske ni da masaba ga hannu."

Babanku ya shigo ya ce mini ya gaza, sai addu'a. Ni kuwa ba ni da gona da zan ba shi, ba ni da maƙera. Abin da ke hannuna tabarma ce da gwangwanaye huɗu, da la'asar ɗaya tak da ta rage kafin ta jajibirin tafiyarsa. Na yini ina juya abin. Na gane ba Sa'idu ne ya gaza a wasan ba, wasan ne aka gina shi a karkace. Ina aka taɓa ganin takobin da ba ya dakushewa? Ko wuƙar yankan kubewa sai an kai ta dutse. Na yi tunanin in kira Nasiru gefe in gaya masa abin da za ni yi. Abu biyu suka hana ni. Na ɗaya, na ji tsoron in ya sani zai yi sanyi-sanyi, Sa'idu kuwa yana gane tausayi daga nesa kamar yadda yake gane ƙarfe ya nuna, in ya gane kuma tafiyarsa ta tabbata. Na biyu, shi ne wanda nake jin kunyar faɗa. Na ce a raina Nasiru nawa ne, ko na taka shi ina za shi?

Da la'asar aka zauna. Na kawo ayari bakin wata rijiya bayan kwana uku ba ruwa, na sa zaki kwance a kan murfinta. Nasiru ko jira bai yi ba, ya ce ya zare takobi. Ya sa hannu, fari ya fito, kamar kullum. Na ce ya sari zaki, zaki ya ruga daji da rauni, amma takobin ya rabu biyu a hannunsa, don wata biyu ke nan yana sara da shi bai taɓa ganin maƙera ba. Sannan na miƙa hannu na ɗauki gwangwaninsa, na juye a faifai a gaban kowa. Fararen sun fi ashirin, jajayen biyar sun ɓace a cikinsu. Na ƙirga fari biyar na mayar masa tare da jajayensa, sauran na kwashe na zuba a ƙwaryata. Na ce ƙarfin barde a takobinsa yake, ba takobi ba ƙarfi.

Nasiru ya dubi faifan, ya dube ni.

"Inna, ba haka dokar take ba."

"Waccan dokar makaranta ce. Wagga tabarmata ce."

"Wata biyu nike tara su."

Na ci gaba da zayyana sabuwar doka kamar mai karanta wasiƙa, don in na tsaya ba zan iya ƙarasawa ba. Daga yau ba mai samun fari fiye da ɗaya a rana, ko ya kashe kura ɗari. Kuma ba don kisa ake ba da shi ba, sai ga wanda 'yan tafiya suka yarda yau ba don shi ba da an kwana a hanya. Barde duk faɗan da ya yi, ja ɗaya zai shiga gwangwaninsa, takobi ya dakushe ke nan, ba kuma mai fitar da jan nan sai maƙeri. Maƙeri ba ya ƙira sai falke ta samo masa ƙarfe, ba ya zuwa daji neman gawayi sai barde ya raka shi. Jakunan falke suna gajiya, sai mai magani. Mai magani ba ta da kanwa da gishiri sai ta hannun falke. Kowa da abin da shi kaɗai ke iyawa, kowa da inda dole ya miƙa hannu.

Nasiru yana da tarbiyya, wannan ku shaida masa. Bai tashi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki gwangwanin da hannu biyu, ya tura gaban Sa'idu, ya ce Baba a gyara mini. Na juya na ce to Maƙeri, ga zaki nan zai dawo, ga takobi ya rabu biyu, me za ka yi?

Na zaci zai sa hannu a gwangwani kawai. Sai ya gyara zama. Ya tambayi ta ina takobin ya karye, kusa da ƙota ko tsakiya. Na ce tsakiya. Ya ce to ba a haɗa shi haka nan, sai a sare bakin kowane ɓari a karkace. Ya ce gawayin ƙirya yake so, ba na kowane icce ba, a aiki barde da gatari tunda ba shi da aikin yi. Ya ce wa Rabi ta kwance jaki guda a ɗauko gawayin, za a yi uwar maƙera da dutsen bakin rijiya, Hanne ta ba da salkar maganinta a yi zugazugi. Ya shiga faɗin yadda ƙarfe ke sauya launi a wuta, daga ja zuwa ruwan ƙwai, da lokacin da yake fara tartsatsi, wanda in ka wuce shi da numfashi biyu ka ƙona aiki. Hannuwansa suka tashi daga gwiwa suna bugun iska. Babanku ya kashe rediyo gaba ɗaya. Tun da Sa'idu ya zo gidan ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba. Da ya gama na ce ya sa hannu. Ya sa. Ja ya fito.

Wallahi ban taɓa gwangwanin ba, waken ne ya zaɓa. Na ce haɗin bai kama ba, ga shi an kusa kiran salla, sai gobe. Ya ce gawayin ne ɗanye, ya san barden nan ba zai iya zaɓen icce ba. Washegari, jajibirin tafiyarsa, ya sake jawo ja. Rabi ta ce ko dai maƙerin ne ɗanye. Ya ce ta jira ta gani. Da safe mai babur ya zo ya yi sallama a zaure. Ina jin Sa'idu yana gaya masa yana da aiki a wuta, ya dawo wani mako. Ran nan da la'asar fari ya fito, takobi ya haɗu, kuma kowa ya yarda waken ranar nasa ne. Na ɗauko fari ɗaya daga ƙwarya na jefa masa. Shida ke nan. Ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin.

Nasiru ya zauna da mu waɗannan kwana ukun, yana yin abin da aka ce, ba ya ƙari. A na huɗu ya ce kansa na ciwo. A na biyar ya fita gari. Mako bai cika ba Bawa ya zo gaishe ni, yana murna, wai Nasiru ya same shi ya ce zai bi shi. Ranar da za su tafi ya durƙusa ya ce in sa masa albarka, na sa. Ya bar gwangwanin a kan tagar ɗakinsa. Da na shiga shara na gan shi, sai wani abu ya faɗo mini. Wata biyu ke nan kullum da safe ina jin kacau-kacau daga ɗakin nan, yana juye waken yana ƙirgawa, ina cewa a raina ji ƙato da wasan yara. Kunnen da ya ji ƙarfen Sa'idu cikin tsumma, shi ne ya yi wata biyu yana jin wannan bai fahimta ba. Yaron da abokansa suka sami aiki suka bar shi, wanda ba ya iya sayen ko sabulun wankinsa, wuri ɗaya ne a duniya abinsa ke ƙaruwa. Na juye shi a faifai gaban ƙanwarsa.

Bayan tafiyarsa da kwana biyu, Sa'idu ya same ni ina tsinke zogale. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce mai babur ya dawo, shi kuma ya sallame shi gaba ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, ashe ƙira ta riƙe ka. Ya girgiza kai.

"Matata, kin ɗauka ban gane ba? Tun sa'ad da kinka ɗauki gwangwanin yaron na gane. Ba takobin wake ya tsai da ni ba. Macen da ta zubar da ɗanta gaban mutane don ni, in na tai aka kashe ni, mi za ni ce ma Allah? Ɗaure ni kinka yi."

Na ce to ya yafe mini ɗaurin. Ya ce ya yafe, amma akwai wadda bai yafe ba.

"Ran da kinka raba mutane, ba ki tambaye ni ba. Shekara arba'in ina duƙe gaban wuta, fatake na wucewa ƙofar maƙerata, ina gyara musu ƙarfen jaki suna ba ni labarin garuruwa. Wuri guda anka ce mutum shi zama abin da ya so, kinka sake miƙo min masaba. Da kin tambaya, falke za ni ce."

Ran nan da la'asar na sa Rabi ta ba shi gwangwaninta ta karɓi nasa. Ta yi ƙorafi, wai ita me ta sani a ƙira, ya ce zai koya mata a kyauta tunda ba ta da kai. Barde kuma ya rasa mai shi, sai ga babanku ya jawo kujera, wai don kada ayari ya lalace. Ban taɓa ganin matsoracin barde irinsa ba, in kura ta yi kuka sai ya ce a yi shawara tukuna. Sa'idu kuwa falke ne na asara. Duk mai raƙumin da na kawo sai ya cuce shi, ya sayar da jaki ya sayi tulu, amma ba ya yarda a tsaya a gari ɗaya kwana biyu, kullum a ci gaba, a ga na gaba. Da sabuwar dokar wasan ya daina gudu. Wake ɗaya a rana, wani lokaci mutum ya yi mako bai samu ba, in ya samu kuwa har makwabta sai sun ji. Ba wanda ya tsere wa wani da nisa. Wasan da na tabbata da ya mutu cikin wata uku, sai da muka shekara huɗu muna yinsa, gishirin nan kuwa ba mu taɓa isa wurinsa ba.

Takardar aikin Nasiru ta fito bayan tafiyarsa da wata bakwai. Aka aika masa, ya ce ya riga ya saba da hanya. Can ya yi aure, can ya yi gida. Yakan zo da Salla, ya gaishe ni da ladabi, ya kawo mini turmin atamfa da shayi, amma in aka shimfiɗa tabarma sai ya tuna yana da wanda zai gani a gari. Da Sa'idu ne yake zama. Su shige zaure, tsohon yana tambayarsa kwana nawa ne daga wannan gari zuwa wancan, ruwan wace rijiya ke da gishiri, me ake ci a can, don ya zo ya yi mana burga da la'asar. Ina jin dariyarsu daga madafa. Ban taɓa shiga ba.

Sa'idu bai sake ganin ƙauyensu ba. Daga baya maƙeran gari sun riƙa aiko masa da aikin da ya gagare su, yana zuwa ya nuna musu, yana dawowa da abin cefane. A gidan nan ya rasu, a shekara ta biyar, bayan zazzaɓin kwana shida, kansa a cinyar Hanne, babanku yana masa kalmar shahada. Aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi da rana tsaka, sahu har bakin titi. Ku da kuka san yadda wasu suka ƙare a shekarun nan, kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kan wannan ban yi nadama ba, kuma in an mayar da ni la'asar ɗin nan za ni sake karya takobin.

Nasiru ya iso kafin a ɗauki gawa, shi ya riƙe gaban makara. Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, ya shigo ɗakina ya zauna a bakin ƙofa. Sai na ga in ban faɗa ran nan ba, ba rana. Na ba shi labarin ƙarfen da na ji cikin tsumma, da mai babur, da abin da aka yi a zaure. Ashe duk shekarun nan ba wanda ya gaya masa, kowa ya ɗauka wani ya faɗa, Sa'idu kuma kunya ta hana shi. Ya saurara har na gama, kansa a ƙasa. Sannan ya ce:

"Inna, da kin faɗa min, da ni da hannuna za ni juye mashi nawa duka."

Na dubi fuskarsa, na san gaskiya ya faɗa.